Tatsuniyar da Hassu Ta Bari a Buɗe

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai saki ba sai na faɗa masa abin da ya kai ni Tsafe da Bungudu na bar aji kwana uku. Wasu sun ce aure na je nema tun matata ba ta yi wata biyu a ƙasa ba. Wasu sun ce wurin boka na je. To, zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Ƙarshen tatsuniya na je nema.

Kada a yi dariya tukuna. Ni haifaffen Sabon Garin Gusau ne, ubana ma'aikacin reluwe, da littafi a hannu na tashi. Aji biyu nake koyarwa, kuma ina taƙama da yadda nake karanta wa yara labaran cikin littafinsu: kowane labari shafi biyu da hoto, a ƙarshe mai gaskiya ya ci riba, maƙaryaci ya sha kunya, in rubuta darasin a allo kowa ya kwafa. Tatsuniyar da mata ke yi a tsakar gida kuwa ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Matata Hassu 'yar Kucheri ce, Allah Ya yi mata bakin tatsuniya. In ta fara wa 'yarmu Kulu bayan an ci tuwo, sai in ɗauki rediyona in koma zaure.

Da damina Hassu ta kwanta ciwo. Ana saura kwana biyu ta rasu, ina zaune a bakin ƙofa ina duba aikin yara, na ji ta da 'yar muryar da ta rage mata tana yi wa Kulu wata tatsuniya da ban taɓa ji ba. Wai wata mata ce da 'yarta suke zaune a bakin gulbi, sai wutarsu ta mutu. Uwar ta ce za ta ƙetare ta ɗebo wuta, ta ce wa yarinyar kada ta tashi daga bakin murhu. Rana ta farko zabuwa ta zo ta ce ta taso su je kiwo, yarinyar ta ƙi. Rana ta biyu 'yan mata suka zo suka ce ta taso a je dandali, ta ƙi. Rana ta uku sai ta ji takun sawu a bayan danga. Aka tsaya. Aka kira sunanta da muryar uwarta, amma ba ta ji ƙaurin hayaƙi ba.

Nan Hassu ta yi shiru. Kulu ta ce, "Sai mi, Inna?"

Ta ce, "Babanki shi ka ƙarasa miki."

Na ɗauka gajiya ce da zolaya. Ko kai ban ɗaga ba.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Kulu ta zo ta tsaya a gabana. Shekararta shida. Ta ce, "Baba, sai mi?" Tausayinta ya kama ni, sai na ba ta irin ƙarshen da na saba da shi a littafi. Na ce sai uwar ta shigo da wuta, suka dafa tuwo, suka ci suka ƙoshi. Ta dube ni, ta juya, ta tafi madafar uwarta ta zauna a bakin murhu.

Daga ranar ba ta ƙara barin wurin ba. In an tambaye ta sai ta ce Inna ta tafi ɗebo wuta. Yayata Rabi, wadda ta dawo gidana da zama don ta kula da mu, sai da ta kafa wasu duwatsu a wani gefe, don in aka taɓa tokar nan Kulu ihu take yi kamar an taka mata ƙafa. Abinci kuwa sai ludayi biyu na koko da lallashi, ta ce ta bari sai Inna ta dafa. In barci ya sace ta a kai ta ɗaki, kafin a idar da asuba ta koma. Mun je asibiti sun ba da maganin ƙarin jini, malamin unguwa ya ba da rubutu. Da aka yi arba'in, wuyan hannunta ya zama kamar kara. Kuma ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na yi ƙoƙarin janye maganata. Na ce mata ba haka tatsuniyar ta ƙare ba. Ta ce, "To ƙaƙa ta ƙare?" Yaya Rabi ta ja ni gefe ta ce, "Sani, bakinka ya zaunar da ɗiyar nan, bakinka za ya tashe ta. Tahi garin uwatta ka tambayo."

Ran Laraba da safe na shiga motar katako mai zuwa Tsafe. Shekarar ce motoci suka koma bin hannun dama, shi kuwa direbanmu zuciyarsa tana nan a hagu. In ya yi nisa da tunani sai motar ta riƙa zamewa tana komawa tsohon hannunta. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ita ta ɗauki nauyin tsaron rayukanmu, ba wanda ya sa ta. Da ta ga mun fara karkata sai ta buga katako ta ce, "Dama, ɗan nan! Dama, don Annabi!" Kajin su ma su taya ta.

A gindin dutsen Kwatarkwashi motar ta yi zafi ta tsaya. Muka sauka muna jiran ta huce. Na ɗaga hannu zan nuna wa na kusa da ni tsuntsayen da ke shawagi a can ƙololuwa, sai ya kama hannun ya saukar, ya ce ba a nuna dutsen nan da yatsa, balle rana ta yi tsaka. Wani dattijo ne mai fataucin goro. Ya tambaye ni abin da zai kai ni Tsafe, ni kuma da wautata na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni daga hula har takalmi. Da muka koma mota sai ya ɗauke ƙunshinsa ya sake benci.

A Tsafe na sauka wurin Mamman, wan Hassu, tela ne a bakin kasuwa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli da man gyaɗa, na ci kamar wanda ya shekara bai ga abinci ba, sannan na ji kunyar cin, da na tuna wadda na baro. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya tsayar da keken ɗinki.

Ya ce, "Gatana? Malam, ni namiji na. Mi nis sani ga gatana? Bari a yi magariba mu tambayi Indo."

Gatana ita ce tatsuniya a bakinsu. Indo matarsa ce, mace mai fara'a da babbar murya. Ana idar da sallah yaran gidan da na maƙwabta suka kewaye ta, mu kuma muka zauna daga nesa kamar ba saurare muke yi ba. Ta san farkon, ta yi zabuwa har da kukanta, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Da ta zo wurin sawun bayan danga sai ta rage murya. Ta ce yarinyar ta leƙa ta ƙasan danga, ta ga zanen uwarta, ta ga mundayen uwarta, amma ƙafafun kofato ne. Kafin ta ja da baya abin ya zuro hannu ya fizge ta, ba a ƙara ganinta ba.

Yaran suka yi kururuwa, suka ƙanƙame juna, sannan suka ce a sake. Wallahi ban taɓa ganin ajina ya yi wa labarin littafi irin wannan murnar ba. Wata 'yar ƙarama ta juya ta ce wa ƙaninta, "Ka ji ko? In ba ka ga huskar mai kira ba, kada ka je." Ba wanda ya rubuta mata shi a allo. Ni kuwa na san ba zan iya kai wa Kulu wannan ba.

Mamman ya girgiza kai ya ce, "Wagga ba ta gidanmu ta ba. Indo 'yar Mada ta, farkon taj ji ga Hassu, sauran ta ƙara daga kanta. Tahi Kucheri ka ga Baba Ɗanjumma, ƙanen babanmu. In akwai wanda yas san inda ta hito, shi na."

A shagonsa na kwana bisa tarin ƙyallaye, ni da kuɗin cizon da suka riga ni kama wuri. Da safe ya ara mini kekensa. Kucheri tana kan hanyar Funtuwa, gaba kaɗan ka fita daga jiharmu ka shiga ƙasar Katsina, don haka akwai shingen 'yan sanda kafin gari, ganga biyu da gungume. Ɗan sandan ya zazzage jakata bai sami komai ba sai littafin rubutu da alƙalami. Ya yi murmushi ya ce, "Da wannan za ka shiga garin? Allah Ya ba da sa'a." Ban gane abin da yake nufi ba.

Da hantsi na shiga. Mata suna daka, awaki suna yawo, tsofaffi suna zaune a inuwa, amma babu yaro ko ɗaya. Ga motar kara an yar a tsakiyar hanya, ga ramukan dara da 'ya'yansu a ciki, ga ɗan takalmi wari guda a bakin rijiya. Na bi lungu uku ban ji ko tarin yaro ba. In na yi sallama sai a amsa ba a dube ni ba. Mutumin da ya baro 'ya tana ƙarewa a gida, ya shigo garin da babu yara, ba sai na faɗa muku abin da ya zo masa a rai ba. Na sauka daga keken na riƙa tura shi.

Wata mata ta nuna mini gidan su Hassu da haɓa. Kango ne, ɗakunan sun zube, ciyawa ta kai gwiwa. Abin da ya rage a tsaye sai duwatsun murhu guda uku, baƙi ƙirin, kamar jiya aka sauke tukunya. Ina tsaye ina kallon su aka yi gyaran murya a bayana, saura kaɗan in yar da keken. Wani tsoho ne da igiyar da yake tufkawa a hannu. Na faɗi sunana, na ce ni ne mijin marigayiya Hassu.

Ya ce, "Ashe ba mai rubuta yara ba ne!" Ya juya ya ɗaga murya, "Ku hito da su, surukinmu na!"

Sai ga yara suna zubowa daga rumbuna, daga bayan ɗakuna, wani har daga cikin tulun rini, da ƙaiƙayi a kansu. Tun daga bakin gari aka hango wando da jakar littafi, aka ɗauka na zo ɗibar yara ne a kai makarantar boko. A Gusau iyaye ne ke bin mu har gida a ɗaukar musu 'ya'ya. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ba ne na dariya.

Wannan tsohon shi ne Baba Ɗanjumma. Ya sa aka dama mini fura, ya saurare ni har na gama bai daina tufka ba. Sannan ya ce, "Wagga gatana ta mata ta, kuma ba kowace mace ba. Ni ban san ƙarshenta ba, ban kuma so in sani. Abin da nis sani, uwar Hassu ta hwara mata ita nan ga murhun da kag gani. Kwana ukku munka kai ta makwanci."

Na ce, "Ita ma ba ta ƙarasa ba?"

"Ba a ƙarasawa. Ƙanwar uwar, Yalwa, ita taɗ ɗauki Hassu ta riƙe, ita taƙ ƙarasa mata. Tana hayin gulbi, bayan Bungudu. In tana da rai."

Mai zuwa Bungudu daga Tsafe dole ya ratsa ta Gusau. Na mayar wa Mamman kekensa, na sami mota, da la'asar ina tashar garinmu, gidana bai fi tafiyar minti goma ba. Ban je ba. Na san in na shiga Kulu za ta ɗago ta ce "sai mi", ni kuma hannuna wayam. Iya Bose maƙwabciyarmu, Bayarabiya mai sayar da burodi a tashar, ita ta hango ni ina raɓe-raɓe a bayan wata mota kamar ɓarawo. Ta ce ta leƙa gidan kafin ta fito. Tun jiya Kulu ba ta karɓi komai ba sai ruwa, yanzu ma jingina take da bango, ba ta iya zama da kanta. Ta tura mini burodi a jaka ta ce, "Malam, duk abin da kake nema, yi sauri."

Na isa Bungudu rana ta faɗi, mai jirgi ya riga ya ɗaure jirginsa, ya ce ba ya ƙetare da kowa sai gari ya waye, ko sarki ne. A zauren mai unguwa na kwana tare da wasu Fulani biyu masu neman ɓatacciyar saniya. Su ma sun tambaye ni abin da nake nema, amma na riga na yi hankali, na ce zumunci.

Da sassafe aka ƙetare da ni. Daga bakin ruwa hanya ɗaya ce siririya cikin gonakin dawa, dawar ta fi ni tsawo, har ka isa wasu gidaje biyar a gindin tsamiya. Goggo Yalwa tana da rai. Matar ɗanta ta shiga ta faɗa mata, ta fito ta ce in cire takalmi tun daga bakin danga. Mu a Sabon Gari mutum yakan zauna da surukarsa har a sha shayi tare. A can kuwa tunda ita ta riƙi Hassu, uwa ce, kuma suruki ba ya ganin fuskar uwar matarsa. Aka shimfiɗa mini buzu a ƙofar ɗaki, na durƙusa. Tsakanina da ita asabari ne a sake, ba na ganin komai sai duhun ɗakin ta tsakanin karare.

Sai aka ce daga ciki, "Sannu da hanya, uban Kulu."

Muryar Hassu ce. Ba kama ba, ita ce, har yadda take jan ƙarshen magana. Na dafa ƙasa da hannu biyu. Na san jini ɗaya ne, na san ita ta koya wa Hassu magana, duk na sani, amma sai da na yi ta'awizi a zuci kafin na iya amsa gaisuwar.

Na faɗi buƙatata. Ta ce, "Yanzu? Rana ta hito. Ba a gatana da rana, mai yi ko mai ji, ɗayansu ɓacewa shikai. Jira dare."

Na ce, "Goggo, ban san ko ɗiyar za ta jira dare ba." Na kwashe komai na faɗa mata, har ƙarshen da na ƙirƙira. Da na gama sai ta tambaye ni.

"Kac ce mata uwar ta dawo?"

"Na ce."

"Kai da ka koya ma ɗiyan mutane karatu." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. "Miƙo bakin rigarka."

Wani siririn hannu ya fito ta ƙasan asabarin, ya kama bakin rigata ya ƙulle shi tam. Ta ce ta ɗaure tatsuniyar, kada in kwance sai a gaban yarinyar. Na jawo littafina a hankali, ashe ta ji motsin takarda. Ta ce, "Aje wannan. Da kunne aka ɗaukatta."

Daga sawun bayan danga ta kama. Yarinyar ta ce, "In ke ce Inna, ina hayaƙi?" Muryar ta ce, "Ni ce. Amma na ƙetare, kuma gulbin nan ba a ƙetare shi sau biyu. Ba zan shigo ba." Yarinyar ta ce, "To wa zai ba ni wuta?" Muryar ta ce, "Sa hannu ki tona tokar da ke gabanki." Ta tona, sai ga ɗan garwashi kamar ƙwayar wake, wanda uwar ta binne kafin ta tafi. Ta hura, ta hura, har ya kama. Da ta ɗago za ta ce Inna ta kama, sai ta ji sawun yana nisa, ya nufi gulbi. Ta yi kuka har tuwo ya nuna. Da ya nuna ta ci, don tana jin yunwa. Da gari ya waye ta ɗebi wutar a kasko ta kai wa maƙwabtan da tasu ta mutu.

Goggo ta rufe tatsuniyar yadda ake rufewa, sannan ta ce, "Wagga ba ta wasa ta ba. Gidanmu, mace in taj ji jikinta ya gaya mata ba ta tashi, sai ta hwara ma ɗiyatta, ta tsaya ga sawu. Uwa ba ta iya duban ɗiyatta ta ce ba ni dawowa, bakin ba ya ɗauka. Wanda za ya riƙe ɗiyar shi ka ƙarasawa. Tun kakanninmu ba ta taɓa hwaɗawa hannun namiji ba sai kai."

Na ce, "To don me Hassu ba ta gaya mini ƙarshen ba?"

"Ka zamna ka ji?"

Sai na tuna. A makon nan na ƙarshe sau biyu Hassu tana cewa, "Malam, zo ka ji wata magana," ni kuma ina cewa bari in gama duba littattafan nan. Na sunkuyar da kai na yi kuka a ƙofar surukata, abin da ko a jana'iza ban yi ba. Da na natsu sai dabarar malaman makaranta ta motsa mini. Na ce ko in sa Yaya Rabi ta binne garwashi a tokar a ɓoye, don in Kulu ta tona ta samu.

Ta ce, "Kada ka ƙara mata ƙarya ta biyu. Tashi ka tahi, rana tana yi."

Hanyar da na bi da safe ɗaya ce, na rantse. Da na juyo sai na tarar da ita ta rabu biyu, na ɗauki ta dama, ta sake rabuwa. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, ko'ina na duba dawa ce iri ɗaya. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Can sai na ji taku a cikin dawar, daura da ni, bai fi taku biyar ba tsakaninmu. In na tsaya ya tsaya, in na tafi ya tafi. Na ce wa kaina akuya ce. Na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina, hannuna damƙe da ƙullin rigar nan, ni da nake gaya wa yara camfi jahilci ne. Sau ɗaya na ji kamar an ce "Malam" a hankali. Ban waiwaya ba, kuma har gobe ba zan ce na tabbata ba.

Ban san iya lokacin da na yi ina zagaye ba. Abin da ya cece ni ƙaurin hayaƙi ne. Na bi shi da hanci ina karya dawar mutane, sai ga ni a bakin ruwa, mai jirgi yana gasa kifi. Ya ce tun ɗazu yake kallon kawunan dawa suna motsi, ina kai da kawo a wuri ɗaya. Sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ina abokin tahiyar taka? Wuri biyu nig ga tana motsi."

Na ce, "Akuya ce."

Ya bar kifin a wuta ya tura jirgi.

Ana kiran la'asar na shiga gida. Kulu tana nan a inda aka ce, kanta jingine da bango, idanunta sun faɗa. Na wuce Yaya Rabi ban ko ajiye jaka ba, na zauna a ƙasa cikin toka da wandon zuwa aiki, na kwance ƙullin. Yaya Rabi ta ce, "Da rana, Sani?" Na ce a ɗaure na kawo ta.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Kulu ta buɗe ido sosai. Ba ta taɓa jin wannan daga bakina ba. Da ƙyar na ji amsarta, "Ta zo mu ji ta."

Tun daga farko na ɗauko. Na yi kukan zabuwa, bai yi kyau ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Da na zo inda muryar ke cewa ba zan shigo ba, sai maganar ta ƙi fita daga bakina, nan na gane abin da Goggo take nufi da baki ba ya ɗauka. Na daure na faɗa. Na kai har ƙarshe ban rage komai ba, ban ƙara komai ba.

Ta daɗe tana kallon murhun. Sannan ta miƙa hannu ta tura shi cikin tokar har wuyan hannu. Ta tona nan, ta tona can, ta watsa ta gefe har ta kai ga ƙasa. Tokar kwana hamsin ce, sanyi ƙalau. Ta ɗago hannun tana dubawa.

"Baba, babu."

"Babu."

"Inna ba ta shigowa?"

"Ba ta shigowa, Kulu. Inna ta rasu."

Ranar ce na fara faɗa mata kalmar. Ta buɗe baki kamar ba sauti zai fito ba, sannan kukan ya zo, irin wanda ya sa maƙwabta suka taru a ƙofar gida, Yaya Rabi tana mayar da su da hannu. Na ɗauke ta na ɗora a cinya, ba ta fi nauyin ƙunshin littattafai ba. Ta yi har ta gaji, ta huta, ta sake. Ban ce mata ta yi shiru ba.

Da ta lafa, fuskarta duk toka da hawaye, sai ta ce, "To wa za ya ba ni wuta?"

Na ce, "Ni."

Tun da aka haife ni ban taɓa hura murhu ba. Na ɗebo kara da itace na cusa su yadda na ga dama, na ƙyasta ashana uku duk suka mutu, ta huɗu ta ba ni hayaƙi ya cika mini ido. Kulu tana kallona. Can ta ce, "Ba haka aka jera su ba." Ta sauka daga cinyata, ta karɓi karan ta gyara musu zama, ta sunkuya ta hura da ɗan numfashin da take da shi, ni ma na sunkuya na taya ta. Da wutar ta kama ba ta ɗaga kai ta dubi ƙofa ba. Ta ce wa Yaya Rabi tana son koko, mai zafi.